Mutumin da Ba Ya Sayarwa

Shekarun da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu, ina amarya a unguwar Maourey cikin Yamai, a wani gida mai zaure ɗaya da sassa biyu. Sashen gabas na wan mijina ne, wanda kowa a gidan ke kira Yaya, shi da matarsa da 'ya'yansu. Na yamma namu ne. Shi da mijina asalinsu mutanen Maraɗi ne. Ubansu ya zo Yamai da fatauci tun kasuwa tana rumfunan zana, ya rasu ya bar musu gidan da rumfar yadi a Babbar Kasuwa. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma halinsu ko kusa bai haɗu ba. Yaya kafin ya amsa gaisuwa sai ya haɗiye yawu. Maigidana kuwa a tsaye yake cin tuwo.

A lokacin ba abin da ke tashe kamar rediyo. Da can kayan gidan Bature ne, ƙato kamar akwatin lefe, ba ya magana sai da lantarki. Sai ga ƙanana sun fara shigowa, masu cin pil, wato batir, waɗanda mutum zai rataya a kafaɗa ya tafi gona da su. Duk wanda ya sami ɗaya, ƙofar gidansa ta zama dandali. Ganin haka wasu manyan 'yan kasuwa suka haɗa kai da wani Bature injiniya suka kafa kamfani. Za a riƙa kawo kayan cikin rediyon daga bakin teku, a harhaɗa su a nan Yamai, a wata doguwar mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, mai rufin kwano da ke hanyar kogi. Kuɗinsu bai kai ba, sai suka buga takardu suka sa a kasuwa. Kowace takarda hannun jari ɗaya ce, wanda ya saya ya zama yana da ɗan rabo a kamfanin, in an ci riba a ba shi nasa. Masu boko suna ce mata aksiyon. Mu takardar akwati muke cewa, don akwati muke kiran rediyo.

Ranar da aka fara sayarwa su biyun suka tafi tare, kowa ya sayi daidai da na ɗan'uwansa daga ribar rumfa da suka raba. Da suka dawo na kai musu fura a zaure, na tarar gardama ta riga ni isa. Yaya ya ce shi karsana ya saya, kuma ba mai hankalin da zai sayi karsana da safe ya kai ta mahauta da yamma. Kiwo ake yi, a jira ta haihu. Maigidana ya yi dariya ya ce shi kifi ya saya, kifi kuwa ba ya kwana a hannun mai shi. Ya ce wannan sana'a sabuwa ce, ba wanda ya san abin da Turawa za su ƙero gobe, don haka in riba ta gifta ta gabanka ka cafke ta tun kana ganinta.

Yaya ya miƙe. Ya naɗe takardunsa a ƙyalle, ya sa a gwangwanin alewa, ya kai can ƙasan adakarsa. Ya gaya wa matarsa, wato faccalata, cewa ba zai sake buɗe gwangwanin ba sai ranar auren autarsu. Autar a lokacin tana goye.

Ba a daɗe ba takardun suka sami kasuwarsu. Bayan Babbar Kasuwa akwai wata tsohuwar tsamiya inda masu goro ke zama, wadda tsofaffi ke cewa kada a bi ta ƙarƙashinta da tsakar rana ba bisimilla. Nan masu takarda suka mayar mahaɗarsu. Ba allo, ba magatakarda, sai baki da kunne. A ce kamyon kaya, wato babbar mota, ya tsallako iyaka a Gaya, takarda ta hau. A ce Baturen ya kwanta zazzaɓi, ta faɗo. Wata rana aka ce gwamnati za ta saya wa kowane ƙauye akwati, kafin azahar takarda ta kusa ninka kuɗinta, kafin la'asar wani masinjan ofis ya ce ƙarya ce, ta koma ƙasa da inda ta taso. Malamin unguwarmu ya ce shi bai gane cinikin da ba a aunawa ba a gwadawa ba. Bai ce haramun ne ba, amma bai saya ba.

Maigidana ya bar wa Yaya rumfa ya tare a gindin tsamiya. Da farko ta yi masa kyau ƙwarai. Ya sayo mini gadon ƙarfe, ya sayo turamen atamfa, ya ɗaura agogo. Na ji daɗin abin kamar yadda kowace amarya za ta ji. Wani mako kekensa ya ɓace daga zaure, wani makon ya dawo da sabo, ban damu ba, na ɗauka haka kasuwa take. Abin da ya fara damuna kunnensa ne, da ya daina zama a gida. Muna cikin magana sai ya yi tsit ya karkata kai, kamar an kira shi daga bayan katanga. In na tambaya ya ce ba komai. In yana salla kuwa, kafin ya gama sallamar hagu ƙafarsa ta fara laluben takalmi. Yanzu in na ga jikana ya ƙura wa waya ido, yana saye yana sayar da hannun jarin kamfanonin da ke ƙera abin da ban san sunansa ba, a ƙasashen da bai taɓa takawa ba, wannan karkatar kan nake gani. Bai san kakansa ba, amma wuyansa ya gado shi.

Daga bakin maigidana na fara jin labarin mutumin. Ya ce akwai wani dogo mai farar riga da ke zuwa gindin tsamiya, ba kullum ba. Ba ya zama, ba ya cin goro, ba ya neman ragi. Yakan tsaya daga gefe har rana ta take tsaka, sannan ya matso ya sayi duk abin da aka miƙo masa a kan kuɗin da aka faɗa. Ba a taɓa ganin ya sayar da ko ɗaya ba. Kuɗinsa sababbi ne fil, amma da sanyi, da wani ɗan wari irin na laka in kogi ya janye. Zabarmawa sun ɗauka Bahaushe ne da ya iya Zabarmanci, Hausawa sun ɗauka Bazabarme ne da ya iya Hausa, wani Buzu mai sayar da takalma kuma ya rantse da harshensu ya yi masa magana. Ba wanda ya san masaukinsa. Wani dillali ya taɓa bin bayansa, ya dawo ya ce har hanyar kogi yana ganin ƙeyarsa, sai ya sunkuya cire tsakuwa daga takalmi, da ya ɗago hanya fayau ba kowa.

Maigidana yana ba da labarin yana dariya. Ya ce ko aljani ne, in dai lakadan yake biya, Allah ya ƙaro irinsa. Ya sha sayar masa.

Kamfanin ya ba duk mai takardu da yawa kyautar akwati ɗaya. Namu tun a ranar maigidana ya sayar. Na Yaya yana zaure, kullum in ya dawo cin abincin rana sai ya kunna ya ji labarai kafin azahar. Wata rana da bazara, zafi har kaji sun lafe a gindin randa baki buɗe, ina tsakar gida ina tankaɗe, rediyon na ta magana, sai na ji maganar ta yanke. Ba kashewa aka yi ba. Wani sauti ne ya maye gurbinta, shuuu, kamar ana zuba gero a buhu daga nesa. A cikin wannan sautin na ji sallama.

Yaya ya amsa, ya ɗaga murya ya ce a kawo wa baƙo ruwa. Faccalata tana wanka, sai na ɗebo a moɗa na kai.

Ban taɓa ganinsa ba amma na gane shi. Yana tsaye a dokin ƙofar zaure, bai shigo ba, bai kuma tsaya a waje ba. Rigarsa fara sol, a garin da jar ƙasa ke rina tufafi kafin mutum ya kai bakin titi. Na sha ƙoƙarin tuna fuskarsa, ko a yammacin ranar na gwada, na kasa. Na dai tuna shi ba tsoho ba ne, ba kuma saurayi ba, kuma babu ko ɗigon gumi a goshinsa. Daga baya mata sun tambaye ni ko yana da inuwa. Tsakar rana ce, ba mai inuwa a wannan lokaci, don haka ba zan ɗora masa abin da ban gani ba.

Na durƙusa na miƙa. Ya karɓa da hannu biyu, ya kai baki, ina kallon maƙogwaronsa yana motsi. Ya miƙo mini moɗar ya yi godiya. Tana cike yadda na kawo ta.

Na koma bayan ƙofa na tsaya ina saurare.

"Malam, an ce kana da takardun akwati," in ji shi. Muryarsa a kwance, irin ta mai tambayar hanya.

"Ina da su."

"Ina so."

"Ba na sayarwa ba ne."

Sai ya faɗi kuɗi. Ban san kan cinikin sosai ba, amma na ji Yaya ya ja numfashi, daga baya kuma maigidana ya ce ba a taɓa jin irin wannan tayi a gindin tsamiya ba. Yaya ya ce albarka. Ya ce don gaba ya ajiye su, shi mai jira ne.

"Madalla," in ji mutumin. "Ni ma mai jira ne."

Ya yi sallama. Ban ji takunsa ba. Can sai mai karanta labarai ya ci gaba da magana a cikin akwatin, daga tsakiyar zance. Ruwan na zubar a gindin katanga, moɗar kuma ban sake sha da ita ba.

Da maigidana ya ji, ya ce Yaya ya kori arziki daga bakin ƙofa. Yaya ya ce wanda ya tako har gida yana neman abinka da wannan kuɗi, ya san abin da kai ba ka sani ba. Sun yi kwanaki ba sa cin abinci tare. Amma na lura dukansu biyu abu ɗaya suka ɗauka daga zuwan mutumin, wato takarda za ta hau.

Ta kuwa hau. Damina ta shigo tana hawa, aka yi girbi tana hawa. Direbobi, teloli, mata masu adashi, kowa na neman takardar akwati. Wata maƙwabciyarmu ta sayar da awarwaronta na azurfa ta ba ƙanenta ya sayo mata. Maigidana ya karya ƙa'idarsa ta kifi ba ya kwana. Ya saya da yawa, ya zuba har rabonsa na jarin rumfa, yana cewa 'yan kwanaki kawai zai riƙe. Kwanakin suka yi ta ƙaruwa, don kullum gobe ta fi yau tsada. A duk wannan hawan ba a ga mai farar riga a gindin tsamiya ba ko sau ɗaya.

Faɗuwar ba da tsawa ta zo ba. Fatake ne suka fara shigowa daga kudu da wasu rediyoyi da ke shiga aljihun riga, sun fi namu murya, ba su kai rabin kuɗinsu ba. Aka ce Baturen ya tafi hutu ƙasarsu. Aka ce zai dawo. Sai wata safiya ma'aikata suka tarar da kwaɗo a ƙofar mangaza. Kafin rana ta yi tsaka takardar da ake rububi ta zama abin da ba mai tayawa ko da kuɗin goro.

A ranar ya dawo. Maigidana ya ce suna zaune jugum-jugum, kowa da takardunsa a cinya, sai suka gan shi tsaye a wurinsa na da, kamar bai taɓa barinsa ba. Mutane suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya suna jeruwa a gabansa, ba turereniya ba hayaniya, kamar masu gaisuwar mutuwa. Kowa ya faɗi ɗan abin da bakinsa ya iya faɗa, shi kuma ya biya. Maigidana ya ce ya so ya riƙe nasa, har ya tuna maganar karsana, amma sai ya tsinci kansa a cikin layin. Da zai karɓi kuɗin yatsunsu suka haɗu.

Ya shigo gida kafin la'asar yana tallabe da hannun damansa. Ya ce mini, "Ɗora ruwan zafi. Hannuna ya ƙi ɗumi."

Ya daɗe a kwance. Likita ya duba ya ce bai ga komai ba, malam ya ba da rubutu, ni kuma kullum ina gasa hannun da tsumma. A hankali ɗumi ya dawo, daga kafaɗa ya gangaro har yatsu. Abin da ya tsira da shi bai isa ya mayar da jarin rumfa ba. Gadon ƙarfe ya tafi, agogo ya tafi, muka koma kan tabarma. Yaya bai yi masa gori ko da kalma ɗaya ba, ya ba shi gefen rumfa ya ce ya zauna. Abin da ban zata ba shi ne, da ya tashi daga wannan ciwo, mijina ne ya dawo mini. Ya daina karkata kai. Ya fara zama ya ci tuwo har ya suɗe kwano ya yi hira. Yakan ce a rana ɗaya aka yi masa sata aka kuma sauke masa kaya. Har ya koma ga Allah bai sake bi ta gindin tsamiyar nan ba, ya gwammace ya zagaya ta layin masu tukwane.

Yaya kuwa yana nan da gwangwaninsa. In ban da shi da wasu 'yan tsiraru da suka yi tafiya a ranar, ban san wanda ya rage da takarda a Yamai ba.

Mutumin bai daina zuwa ba. Shekara-shekara, in an gama girbi, wata tsakar rana rediyon zaure zai koma shuuu, sai a ji sallama. Kuɗin da yake tayawa bai taɓa raguwa daga na farko ba, alhali a kasuwa takardar ko ƙunshin ƙosai ba za a yi da ita ba. Yaya ya ce albarka, shi kuma ya ce madalla, ya tafi. Na haifi na fari, na haifi mai bi masa, furfura ta fito wa Yaya a gemu, mutumin yana nan yadda yake, rigarsa fara sol. Mun daina kai ruwa, Yaya ma bai sake cewa a kai ba. In muka ji sautin nan sai mu janye yara ɗaki mu zauna shiru har mai labarai ya dawo. Faccalata ta sha roƙon mijinta ya sayar ya huta, ga rufin ɗakinsu yana yoyo, ga yara a lakwal, makarantar boko. Ya ce da ba su da amfani da ba a zo nema ba.

Sannu a hankali na lura ko ba baƙo, Yaya yakan murɗa rediyon da kansa ya bar shi tsakanin tasha da tasha, inda ba magana sai wannan sautin. Ya zauna a gabansa, hannaye a gwiwa, abinci na hucewa. Maigidana ya taɓa tambayarsa abin da yake saurare.

"Suna aiki," in ji Yaya.

Mangazar kuwa a lokacin jemagu ne a cikinta, ciyawa ta kai gwiwa a ƙofarta.

Sai ga shi bayan shekaru maganar Yaya ta fito. Wasu sababbin mutane suka karɓi kamfanin, suka bar haɗa rediyo suka koma yin pil, abin da kowane akwati ke ci ko daga ina aka kawo shi. Aka cire kwaɗo, aka kori jemagu, aka yi shela cewa tsofaffin takardu suna nan da ƙarfinsu, aka kuma buga sababbi. Ba a jima ba aka fara raba riba. Wani akawun kamfanin ya gaya wa maigidana cewa akwai babban kaso na tsofaffin takardun da har yau ba wanda ya zo karɓar ribarsa, kuma ba su san wanda za su nema ba.

Unguwa ta cika zauren da barka. Waɗanda suka yi wa Yaya dariya a ɓoye su ne suka fi ɗaga murya, suna cewa mai haƙuri ya dafa dutse. Maigidana ne ya fara zuwa, da zuciya ɗaya, ya ce, "Yaya, karsanarka ta haihu." Yaya ya gyaɗa kai, ko murmushi bai yi ba. Idonsa na kan ƙofa.

Girbin shekarar ya wuce mutumin bai zo ba. Na gaba ma haka. Mu mata mun yi hamdala, amma Yaya sai ya fara barin rumfa tun hantsi ya dawo zaure ya zauna yana fuskantar ƙofa. In aka yi sallama ya zabura ya miƙe, in ya ga maƙwabci ne ko mai tallan kayan koli sai ya koma ya zauna kamar an zare masa laka. Ya rame. Maganarsa da ma kaɗan ce, ta ƙara ƙanƙancewa.

Auren autar ya zo. Faccalata ta same shi ta tuna masa alkawarin da ya yi tun yarinyar tana bayanta. Ina tsakar gida na ji amsarsa.

"Ba yanzu ba. In na buɗe zai ji."

Da abin da dangi suka harhaɗa aka yi wa yarinyar kayan ɗaki. Ribar da kamfani ke ba shi kuwa ba ta shigowa gida, kuma ba wanda ya san inda take zuwa, sai ranar da na je kasuwa sayen tukunya.

Rana ta take tsaka, na yanke ta bayan kasuwa don in rage hanya. Gindin tsamiya ya sake cika, amma da sababbin fuskoki, samari masu wando da Faransanci a baki, waɗanda ba su ga faɗuwar farko ba. Na tsaya wurin mai goro, sai na ji biyu daga cikinsu suna magana ƙasa-ƙasa. Ɗaya ya ce ga mutumin nan ya zo, wanda ba ya zama, ba ya cin goro, ba ya neman ragi, kuma ba a taɓa ganin ya sayar ba. Ɗayan ya ce an ce ba wanda ya san masaukinsa, wasu na cewa daga kogi yake fitowa.

Na juya a hankali, ina shirin ganin fuskar nan da na kasa riƙewa. Yaya ne. Yana tsaye daga gefe, cikin farar rigar da ni da faccalata muka shanya a igiya shekaranjiya. Wani saurayi ya matso ya miƙa masa takardu, ya karɓa ya biya.

Na ƙarasa na rusuna na ce, "Yaya, ina wuni."

Ya daɗe yana kallona, kamar mai laluben inda ya san ni. Sannan ya ce lafiya lau, da murya a kwance. Bai tambaye ni gida ba, bai ce me ya kawo ni ba. Ya mayar da idonsa kan masu ciniki. Na dawo gida ba tukunyar.

Na gaya wa maigidana. Ya tashi ya sami Yaya a zaure bayan la'asar. Sun daɗe. Daga baya ya faɗa mini abin da ya ce masa. Bai yi masa wa'azi ba, bai ce ya sayar da dukiyarsa ba. Ya roƙe shi ne ya sayar masa da takarda ɗaya tak, a kan duk kuɗin da ya ga dama, ko da zai mayar masa gobe, don dai hannunsa ya tuna yadda ake buɗewa. Ya haɗa shi da Allah, ya haɗa shi da nonon da suka sha. Yaya ya saurare shi har ya gama, ya haɗiye yawu, ya ce, "Albarka."

Ranar na fara ganin hawayen mijina.

Yaya ya rasu da bazarar da ta biyo, ba ciwo ba jinya. Faccalata ta kai masa abincin rana ta same shi zaune ya jingina da bango, fuskarsa na kallon ƙofa. Ta ce ta yi masa magana har ta fara faɗa kafin ta gane.

Bayan ta fita takaba babban ɗansu ya buɗe adakar a gaban dangi. Gwangwanin na ƙasa, ɗaurin ƙyallen da ke cikinsa bai motsa ba, a kansa kuma damman sababbin takardu har kusa da murfi. Ɗan, wanda a lokacin yana aikin gwamnati, ya tambayi maigidana ko a riƙe ko a sayar, tunda kamfanin yana kan ganiyarsa. Maigidana ya ce shi ya taɓa yin kuskure ya ga ƙarshensa, ya kuma ga wanda ya yi daidai ya ga ƙarshensa, don haka ba shi da bakin ba da shawara, ya tambayi uwarsa. Ita kuwa ba ta ɓata lokaci ba, ta ce a sayar duka. Ɗan ya ce za su ƙara hawa. Ta ce su hau a hannun wani. Gaskiyarsa kuwa, sun ƙara hawa shekaru bayan nan, kuma yakan faɗa in hira ta kawo, ita kuma ta yi kamar ba ta ji ba.

Ta banki aka sayar, aka raba gado yadda shari'a ta ce. Da nata rabon ta sayi fili a Bobiel, can bayan gari, lokacin gonakin gero ne da 'yan bukkoki, har mutane na cewa ta koma daji. Ɗan ya sayi na kusa da nata ya bar wa maigidana a kan ya biya sannu a hankali. Gidan Maourey wani mutumin Tawa ya saya, ya rushe zauren ya yi kanti.

Shekarun farko a Bobiel mun sha wuya. Ruwa sai an jira amalanken jaki, daminar farko kuma ta cinye mana katangar gabas sai da muka sake ginawa. Maigidana yana tafiya kasuwa a keke, ya dawo da jar ƙasa har gira. Ni da faccalata muka dasa bedi, wato dogon yaro, a tsakanin gidajenmu, muna ba shi ruwan wanke-wanke. Ta yi tsawon rai, tana kiwon awaki tana faɗa da maƙwabta a kan kaji, ta ga rasuwar maigidana kafin nata ajalin ya zo. Ni ce na rage. Garin ya zo ya same mu a nan, ya kuma wuce mu.